Farankama A Jikin Babba Da Haɗarin Da Hanta Ke Shiga

Gabatarwa

A wurin yawancinmu farankama ciwon yara ne. Yaro ya yi zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, ƙuraje masu ruwa su feso masa, a shafe shi da kalamin ya yi fari fat kamar wanda ya faɗa cikin buhun alabo, ya huta da zuwa makaranta na mako guda, shi ke nan an wuce wurin. Shi ya sa idan aka ji magidanci ko ɗalibin jami'a ya kwanta da ita, sai an yi masa dariya tukuna kafin a ce masa sannu. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna wa mai karatu cewa farankamar babba ba ɗaya take da ta yaro ba, kuma daga cikin gaɓoɓin da take iya taɓawa akwai wadda ba a cika tunawa da ita ba, wato hanta. Lalacewar hanta mai tsanani ta dalilin farankama ba abu ne da ake gani kullum ba. Amma idan ta zo tana saurin kisa, kuma wasu abubuwan da muke yi da hannunmu a gida, da nufin taimakon maras lafiya, su ne ke share mata hanya.

Sunan ciwon da asalinsa

Kafin a shiga batun hanta, ya kamata a tantance ciwon da ake magana a kansa, domin sunayen cututtukan ƙuraje suna yawan cakuɗewa a bakin mutane, musamman a gari irin Bukuru inda Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin Birom da Hausawa da Ibo da Yarabawa da sauran al'ummu. Farankama ita ce wasu ke kira ƙarambau. Ba ita ce ƙyanda ko baƙon dauro ba, wadda ƙurajenta ƙanana ne marasa ruwa, ga jan ido da tari. Ba kuma ita ce agana ba, wadda magabata suka yi wa laƙabi da 'yan rani. An ga agana ta ƙarshe a Nijeriya a 1970, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 1980. Su kansu likitocin Turai sun daɗe suna ɗaukar farankama a matsayin ƙaramar agana, sai a 1767 wani likitan Ingila, William Heberden, ya rarrabe su dalla-dalla.

Abin da ke haddasa ta wata ƙwayar cuta ce nau'in bairos mai suna barisela-zosta. Thomas Weller na Amurka ne ya fara raya ta a ɗakin gwaji a farkon shekarun 1950. Tana yaɗuwa ta iska, ta hanyar tari da numfashi, da kuma ruwan da ke cikin ƙurajen. Daga ranar da ta shiga jiki zuwa ranar da ƙuraje za su fito ana ɗaukar kwana 10 zuwa 21, galibi wajen mako biyu. Mai ɗauke da ita yana fara harbin mutane kwana ɗaya ko biyu kafin ƙurajen su bayyana, kuma zai ci gaba har sai duk sun bushe sun yi ɓawo. Idan ta shiga gida, kusan mutum 9 cikin 10 na waɗanda ba su taɓa yin ta ba za su iya kamuwa. Wanda ya yi ta sau ɗaya kuwa, yawanci ya sami garkuwa ke nan har iyakar rayuwarsa.

Tun daga 2017, lokacin da ƙyandar biri ta sake ɓulla a Jihar Bayelsa, an sami wani sabon ruɗani, domin an sha kai samfurin wanda ake zargin yana da ƙyandar biri ɗakin gwaji a tarar farankama ce. Bambancin da ido zai iya gani shi ne, ƙurajen farankama sun fi yawa a ƙirji da baya da ciki, kuma ba sa tafiya tare: wani yana fitowa, wani ya cika da ruwa, wani ya riga ya bushe, duk a fata guda. Na ƙyandar biri sun fi tauri, sukan nuna a lokaci ɗaya, kuma sau da yawa da kaluluwa suke zuwa.

Me ya sa babba zai yi ciwon yara?

A ƙasashe masu sanyi, kafin zuwan rigakafi, fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kan yi farankama kafin su cika shekara 15, don haka babban da bai yi ta ba ya zama abin nema. A ƙasashe masu zafi da dama, kamar kudancin Indiya da Siri Lanka da Singafo, bincike ya nuna mutane da yawa kan kai shekarun girma ba su haɗu da ita ba. Ɗaya daga cikin dalilan da masana ke kawowa shi ne ƙwayar ba ta jure zafi. Wani dalilin kuma shi ne yaron da ya tashi a ƙauye mai gidaje warwatse bai cika cuɗanya da ɗaruruwan yara ba kamar ɗan birni. An kuma lura cewa a irin waɗannan ƙasashe ciwon ya fi yawa a lokacin sanyi da rani.

Mai karatu zai ga yadda wannan ya shafe mu. Jos da Bukuru suna kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin hunturunsu ba ya buƙatar a gabatar da shi ga kowa. Da Disamba ta kama an rufe tagogi, an cunkushe a ɗaki guda, motar haya daga Bukuru zuwa Taminus ma gilashinta a ɗage. Ga shi kuma yankin matattara ce ta manya da suka fito daga wurare daban-daban suna kwana a ɗaki ɗaya: ɗakunan kwanan ɗalibai a Naraguta, da Kwalejin Manyan Jami'an 'Yan Sanda da ke Bukuru, da sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Mangu. Duk inda aka tara manya haka, akwai yiwuwar a sami wanda ciwon ya tsallake shi a ƙuruciya. Sai dai hanyar da ta fi kowace sauƙi tana cikin gida. Yaro ya kwaso a makaranta, uwa ko uba ko 'yar riƙo ta yi jinyarsa, bayan mako biyu yaron yana wasa a waje, mai jinya kuma ya kwanta.

Alƙaluman Amurka na farkon shekarun 1990 sun nuna bambancin sosai. A lokacin kimanin mutum miliyan 4 ne ke yin farankama a duk shekara, ana kwantar da 10,500 zuwa 13,000 a asibiti, mutum 100 zuwa 150 kuma suna mutuwa. Manya ba su wuce kashi 5 cikin 100 na masu kamuwa ba, amma su ne wajen kashi 35 cikin 100 na masu mutuwa. Wato haɗarin mutuwar babba ya ninka na yaro sau da yawa. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a duk shekara mutum miliyan 4.2 ne ciwon ke tsananta musu har a kwantar da su, kuma 4,200 ke rasa rayukansu. Abin da ya fi addabar manya shi ne ciwon huhu, musamman masu shan taba da mata masu ciki. Hanta tana biye ne a baya can, amma ita ba ta tari balle a ji ta.

Yadda ƙwayar ke isa hanta

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar farankama a matsayin ciwon fata. Fata wurin da ciwon ya nuna kansa ne kawai. Ƙwayar tana shiga ta hanci da maƙogwaro, ta hayayyafa a can, sannan ta shige cikin wasu fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne tsaron jiki, su kuma su ɗauke ta su zaga da ita. Kafin ƙurji na farko ya fito ta riga ta yi kwanaki tana yawo a cikin jini. Hanta kuwa matatar jini ce, fiye da lita ɗaya ke ratsa ta a kowane minti. Babu yadda za a yi abin da ke cikin jini ya kauce mata.

Saboda haka idan aka auna jinin masu farankama, ba abin mamaki ba ne a ga alamar cewa hanta ta ɗan taɓu. Akwai wasu sinadarai biyu da likitoci ke kira ALT da AST, waɗanda mazauninsu cikin ƙwayoyin hanta ne. Idan ƙwayoyin suka fashe sai sinadaran su tsiyayo cikin jini. A lafiyayyen mutum awonsu bai cika wuce 40 ba. A farankama ta yau da kullum sukan ɗan hau, mutum bai ma sani ba, su sauka da kansu bayan ya warke. Wannan shi ne abin da ke faruwa ga mafi yawan mutane, kuma babu abin tsoro a ciki.

Matsalar tana zuwa ne idan garkuwar jiki ta kasa tsayar da ƙwayar a kan lokaci. A nan sai ta ci gaba da hayayyafa a cikin hanta kanta, tana kashe naman wuri-wuri kamar yadda gara ke cin azara, daga waje ba a ganin komai. Awon ALT da AST sai ya tashi zuwa dubbai. Don a gane abin da ke biyo baya, sai a tuna ayyukan hanta. Ita ce ke ƙera yawancin sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, don haka idan ta tsaya sai jini ya tsinke: haɓo, jini a dasashi, baƙin bayan gida, wurin da aka yi allura ya ƙi tsayawa, ƙurajen ma su cika da jini su yi baƙi. Ita ce rumbun sukari na jiki, idan ta gaza sai sukari ya faɗi. Ita ce kuma ke sarrafa gubar amoniya da hanji ke samarwa. Idan gubar ta taru sai ta hau ƙwaƙwalwa, mutum ya fara barcin rana da farkawar dare, ya riƙa sambatu, ya daina gane na kusa da shi, daga nan sai doguwar suma. Tsinkewar jini tare da gushewar hankali ga wanda da ma hantarsa lafiya take, shi ne likitoci ke kira gazawar hanta ta farat ɗaya. A farankama wannan na iya faruwa cikin 'yan kwanaki, kuma da yawa daga waɗanda suka kai wannan mataki ba sa tashi.

Akwai abubuwa biyu da ke yaudarar mutane. Na farko, mun saba auna ciwon hanta da shawara, wato idan ido bai yi rawaya ba, hanta lafiya take. A wannan ciwon lalacewar kan yi sauri har ta riga rawayar ido bayyana. Na biyu ya fi wannan rikitarwa. A jikin mai raunin garkuwa, matsanancin ciwon ciki ko ciwon baya na iya zuwa kwanaki kafin ƙurji ko ɗaya ya fito, wani lokaci kuma ƙurajen ba su taka kara sun karya ba. Sai a yi ta maganin olsa ko taifot, ƙwayar kuwa tana can tana aikinta.

Wa ya fi shiga haɗari?

An sha samun wannan matsala a jikin manya masu cikakkiyar lafiya, amma mafi yawan waɗanda likitoci suka ba da rahotonsu masu raunin garkuwa ne. Daga ciki akwai masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau waɗanda ba sa kan magani, da masu karɓar maganin kansa, da masu kansar jini, da waɗanda aka yi wa dashen gaɓa. Dashen ƙoda ba baƙon abu ba ne a Arewa yanzu, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yin sa tun 2002, kuma duk wanda aka yi wa zai rayu ne a kan magungunan da ke danne garkuwarsa da gangan don kada jiki ya ƙi sabuwar ƙodar.

Waɗannan aƙalla sun san halin da suke ciki, kuma suna da likitan da ke bibiyarsu. Rukunin da ya fi damuna shi ne na waɗanda suka raunana garkuwarsu ba su sani ba, ta hanyar magungunan da ake kira sitiroid, irin su firednisolon da deksametazon, wanda aka fi sani da deksa. Magunguna ne masu amfani ƙwarai idan likita ya rubuta su, ga mai asma da mai ciwon gaɓoɓi da wasu cututtukan ƙoda. Aikinsu shi ne kwantar da kumburi, kuma suna yin haka ne ta hanyar ɗaure hannun waɗancan fararen ƙwayoyin jini, wato dai su ne dakarun da jiki ya dogara da su wajen yaƙar farankama. Likitoci na ɗaukar wanda ya sha miligiram 20 na firednisolon a kullum har tsawon mako biyu a matsayin mai raunin garkuwa. An ma ga inda shan su na ɗan gajeren lokaci, a cikin makonnin nan biyu da ƙwayar ke ɓoye a jiki, ya sa ciwon ya zo da muni.

To, a garuruwanmu deksa ba ta buƙatar takardar likita. Tana cikin haɗin da wasu masu kemis ke ƙulla wa mutum a leda idan ya ce jikinsa na ciwo, ƙwaya biyar ko shida masu launi daban-daban ba tare da suna ba. Wasu 'yan mata na shan ta don su yi ƙiba, kumatu su ciko. Wani kuma da ƙurajen suka fara yi masa ƙaiƙayi sai a ba shi ita, domin a zaton mai ba da maganin borin jini ne. A ganina wannan shi ne wurin da ya fi dacewa a ja hankalin ɗalibai, domin mutumin da ya sha irin wannan haɗi ba zai taɓa ce wa likita yana shan sitiroid ba, tunda shi kansa bai san abin da ya haɗiya ba.

Nauyin da muke ƙara wa hanta

Ba ƙwayar cutar kaɗai ke illata hanta a lokacin farankama ba. A 1963 wani likita a birnin Sidni na Ostireliya, Douglas Reye, da abokan aikinsa suka bayyana wani ciwo da ke kama yara bayan sun fara murmurewa daga mura ko farankama. Yaro zai fara amai ba ƙaƙƙautawa, ya rikice, ya suma. Idan aka duba sai a tarar hanta ta cika da ƙananan ɗigon kitse, ƙwaƙwalwa kuma ta kumbura. Aka sa wa ciwon sunansa. Sai wajen 1980 aka gano alaƙarsa da asfirin. A wannan shekarar an ƙirga masu ciwon 555 a Amurka. Da aka fara gargaɗi, aka kuma tilasta rubuta shi a jikin kwalin maganin a 1986, sai adadin ya yi ta faɗuwa har ya koma bai wuce biyu ba a shekara a tsakiyar shekarun 1990. A Birtaniya an hana ba 'yan ƙasa da shekara 16 asfirin sai da umarnin likita. Ciwon ya fi kama yara da matasa, amma an gan shi jefi-jefi a jikin manya, kuma ɗalibin aji ɗaya a jami'a bai yi nisa da waɗancan shekaru ba. Abin lura shi ne asfirin ba kullum yake zuwa da sunansa ba. Garin Alabukun, wanda babu teburin mai shayi ko tashar motar da ba a san shi ba, asfirin ne da sinadarin kafin.

Ibufurofen da danginsa su ma likitoci na ba da shawarar a guje su a lokacin farankama, ba don hanta ba, sai don an danganta su da mummunan ruɓewar fata a wurin ƙurajen. Abin da ya rage na sauke zazzaɓi shi ne farasitamol, kuma shi ne ake so a sha. Amma shi ma hanta ce ke sarrafa shi, kuma idan ya wuce ƙima guba ne a gare ta. Iyakar lafiyayyen babba giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, a rarrabe ba a lokaci guda ba. Yadda ake zarce wannan iyaka ba da niyya ba abu ne mai sauƙi. Mutum ya sha farasitamol biyu, zazzaɓi bai sauka ba, ya ƙara da maganin mura, maƙwabci ya kawo na ciwon kai mai wani suna, alhali duk ukun farasitamol ne a ciki. Wanda ya kwana biyu bai ci abinci ba saboda ƙuraje a baki, ko mai shan giya, hantarsa ba za ta iya ɗaukar ko da wannan iyakar ba.

Batun giya ba sai an ɓoye shi ba. Burukutu da gogoro suna nan a unguwanninmu, kuma akwai masu ganin ɗan kurɓa zai kori sanyin zazzaɓi. Akwai kuma jiƙe-jiƙe. Wanka da ruwan ganyen dogon yaro al'ada ce da aka daɗe ana yi don rage ƙaiƙayi, kuma wannan a fata ya tsaya. Amma ɗura wa maras lafiya tsimin saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba, wai don ƙurajen su fito duka kada su koma ciki, ƙara wa hanta aiki ne a ranar da ta fi buƙatar hutu. Maganar komawar ƙuraje ciki ma tana da ban sha'awa, domin ta nuna magabata sun lura cewa wanda ciwon ya kashe, daga ciki ya cinye shi. Abin da ba su sani ba shi ne ciwon da ma daga cikin ya faro.

Sai kuma hantar da ciwon ya tarar da rauninta. Babban binciken da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wato kusan mutum ɗaya cikin 12, kuma galibinsu ba su sani ba. Rigakafin wannan ciwo bai shiga jerin alluran yara na ƙasa ba sai 2004, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba su same shi suna jarirai ba. Su ne kuma manyan da muke magana a kansu. Hantar da ta yi shekara 20 tana fama da wannan ƙwaya ba ta da rarar ƙarfin da za ta tari farankama da deksa da farasitamol a mako guda.

Lokacin zuwa asibiti

Akwai maganin da ke hana ƙwayar hayayyafa, sunansa asaiklobiya. Ya fito ne daga ɗakin binciken Gertrude Elion a shekarun 1970, wadda ta sami kyautar Nobel a 1988. Lafiyayyen yaro ba ya buƙatarsa, amma ana ba da shawarar a ba duk wanda ya haura shekara 12. Sharaɗinsa shi ne lokaci. Ya fi amfani idan aka fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje, domin ba ya gyara abin da ya riga ya lalace, hana ƙaruwa kawai yake yi. Wannan na nufin al'adar nan ta a bari a ga yadda jiki zai yi zuwa jibi ba ta dace da babba ba. Ranar da ya ga ƙurji na farko ita ce ranar ganin likita, ko da yana jin ƙarfi a jikinsa. Ya kuma kamata ya sanar da ma'aikata tun daga ƙofa, don kada a zaunar da shi a benci ɗaya da mai ciki ko mai jariri.

Wasu alamomi kuwa ba sa jiran wayewar gari. Ciwon ciki mai tsanani, musamman a dama ƙarƙashin haƙarƙari, ko ciwon bayan da ya hana kwanciya. Amai da ya ƙi tsayawa. Fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko ido ya yi rawaya. Jini daga ko'ina, ko ƙuraje su koma baƙi. Numfashi da ƙyar ko tari da jini. Barcin da ba a iya tashin mutum daga shi, ko magana ba kan gado. Wannan ta ƙarshe ita ce ake yawan fassarawa da iska ko sammu, a tafi neman taimako wani wuri, alhali amoniya ce ta hau kai. Mai irin waɗannan alamu ba na kemis ba ne, ba kuma na ƙaramin asibitin unguwa ba. Yana buƙatar wurin da za a auna ALT da AST da saurin daskarewar jini da sukari, a ba shi asaiklobiya ta jijiya duk bayan awa 8 tare da isasshen ruwa don kare ƙoda, a kuma ƙara masa jini ko ruwan jini idan ta kama. Daga Bukuru wannan na nufin manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko na Jami'ar Bingham da aka fi sani da Jankwano. Idan hanta ta mutu gaba ɗaya, dashe ne kaɗai ya rage, kuma wannan aiki ne da masu hali ke tafiya Indiya ko Masar dominsa. Ciwon da ke kisa cikin kwanaki ba zai jira biza ba.

Akwai wani taimako da 'yan uwan maras lafiya za su iya yi wa likita, wanda ba ya cin ko kwabo. Likitan da ke aiki a Filato, idan ya ga zazzaɓi da zubar jini da taɓuwar hanta, hankalinsa zai fara zuwa ne kan maleriya mai tsanani da taifot da ciwon hanta nau'in B da zazzaɓin shawara da zazzaɓin Lassa. Yana da hujja. An yi annobar zazzaɓin shawara a tudun Jos a 1969, kuma a asibitin mishan na Jos, Jankwanon nan dai, aka yi jinyar waɗanda aka fara gano zazzaɓin Lassa a jikinsu a wannan shekarar, har ya kashe likitar asibitin, Jeanette Troup, a 1970. Idan babu ƙuraje a fili, farankama ba za ta zo masa a rai da wuri ba. Jimla ɗaya, cewa yaron gidan ya yi farankama mako biyu da suka wuce, tana iya sauya maganin da za a fara. Haka nan a tattaro duk ledoji da kwalayen magungunan da mutum ya sha a watan, har da na ƙiba da na gargajiya, a ajiye a gaban likita ba tare da jin kunya ba.

Rigakafi

Michiaki Takahashi na Jami'ar Osaka a Japan ne ya samar da allurar rigakafin farankama a 1974. Amurka ta fara yi wa yara a 1995, ta mayar da ita sau biyu a 2006, kuma mace-macen ciwon a can sun ragu ƙwarai. Birtaniya ta daɗe tana jan ƙafa, sai a 2023 kwamitin masananta ya ba da shawarar a sa ta cikin alluran yara. A Nijeriya ba ta cikin jerin alluran da gwamnati ke yi kyauta, sai dai a wasu asibitoci masu zaman kansu, da kuɗi. Babba na buƙatar allura biyu, da tazarar aƙalla mako huɗu. Da yake ƙwayar da ke cikinta rayayya ce da aka raunana, ba a yi wa mai ciki ko wanda garkuwarsa ta yi ƙasa sosai. Irin waɗannan kariyarsu tana hannun mutanen gidansu, kuma idan suka yi cuɗanya da mai ciwon su ga likita nan take ba sai alama ta fito ba, domin akwai magungunan kariya da ake bayarwa a wannan tsakani. Lafiyayyen babban da bai taɓa yi ba, idan aka yi masa allurar cikin kwana 3 zuwa 5 da haɗuwa da mai ciwon, tana iya hana shi kamuwa ko ta sassauta masa.

Wanda bai tabbata ko ya yi ta a ƙuruciya ba, ya tambayi mahaifiyarsa ko yayarsa, ya kuma tabbatar ba ƙyanda suke nufi ba. Akwai gwajin jini da ke raba gardama. Masu karatun aikin jinya da malaman firamare da matan da ke shirin aure su suka fi buƙatar sanin amsar. Kuma ba daga yara kaɗai ake ɗaukar ta ba. Ƙwayar ba ta barin jikin wanda ya warke, tana laɓewa ne a tushen jijiyoyi kusa da laka. Bayan shekaru, idan tsufa ko ciwo ya raunana mutum, sai ta farka ta fito a matsayin ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, a jere kamar rabin ɗamara. Ruwan waɗannan ƙuraje na iya sa wa wanda bai taɓa yi ba cikakkiyar farankama. Jikar da ke shafa wa kakarta magani a haƙarƙari, idan ciwon ya tsallake ta tana ƙarama, sai ta sa safar hannu, ta rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, ta kuma fara ƙirga kwana 21 daga ranar.